Yadda Ake Gyaran Kwalta Ba Tare da An Ce wa Suruki "Ka Yi Gaskiya" Ba

Idan gidanka a kan laka yake zaune, a garin da ruwan sama bai san hutu ba, kuma ka shimfiɗa kwalta daga get zuwa gareji, to gyara zama. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka shekara goma sha ɗaya kana faci ba tare da ka taɓa ce wa surukinka ya fi ka sani ba. Ni na gwada. Sana'ata sayar da labule ce, amma a gida Injiniya ake kirana, kuma matata ce ta raɗa min sunan. Akwai ɗan abin da tsarin yake ci, wato bangon ɗakin matarka da ƙirjinta, amma wannan sai mun zo mataki na shida.

1. Samu surukin da ya san aikin, ka ƙi jin maganarsa

Nawa shekara talatin ya yi yana tuƙa rola, injin nan mai nauyi da ke danne sabon titi. Ranar da za a zuba mana kwalta ya zo, ya duƙa ya ɗebi ƙasar, ya murza ta a tafin hannu har ta mulmulu. Ya ce, "Ɗana, wannan laka ce. In ta sha ruwa kumbura take, in ta bushe ta tsuke. Ka kwashe ta, ka zuba tsakuwa a danne. Sannan ka haƙa magudana ta gefen bangon nan, ruwa ya samu hanyar fita titi. In ba haka ba, ɗakin 'yata zai nufa."

Ga amsar da za ka ba shi, ka haddace ta: "Baba, ai zamani ya canja. Kwaltar yanzu ba irin taku ba ce." Ka ɗaga murya yadda leburori za su ji, don kada gobe zuciya ta raya maka ka janye. Zai kalle ka, ya kakkaɓe hannu, ya ce Allah ya sanya alheri. Daga ranar ba zai sake tayar da zancen ba, kai kuma ka samu abin yi har tsufa.

2. Tsagar farko ba ka gan ta ba

Bayan damina ɗaya za ka ga wani siririn layi a kan kwaltar, kamar an ja zare. Masu son wahala a nan suke share tsagar, su bari ta bushe, su tsiyaya mata narkakkiyar kwalta kafin ruwa ya gane hanya. Kai kada ka yi. Toshe tsaga shaida ce cewa akwai tsaga. Tsallake ta ka wuce shago.

In matarka ta nuna maka, ka ce kwalta ce take numfashi. Ka faɗa da nutsuwa, kana gyara wuyan riga. Tawa ta ce, "To, Injiniya, Allah ya ba ta lafiya."

3. Tanadi masu laifi tun da wuri

Kafin damina ta uku tsagar za ta hayayyafa, wurin ya koma kamar bayan kada, tsakiyarsa ya lotsa. Yanzu kana bukatar mai laifi, kuma ɗaya ba ya isa. Ni uku nake juyawa: motar da ta kawo mana firji, saiwar bishiyar maƙwabcina mai gyaran fanka, da mai kwaltar da ya yi aikin, wanda ya bar gari don haka ba ya musu. Bishiyar ta fi daɗin sha'ani, domin ko an sare ta kana iya cewa saiwar tana nan a ƙasa tana ɗaukar fansa.

Kalmar "laka" kuwa ka hana a furta ta a gidanka. In ta kama dole, a ce "yanayin wurin".

4. Yi faci ana tsaka da ruwa

Rami zai buɗe. Waɗanda suka san aikin jira suke a samu rana biyu ba ruwa, su yanke bakin ramin ya miƙe, su kwashe ruɓaɓɓen da ke ƙasa, su zuba kaɗan su danne, su ƙara su danne. Wannan aikin marasa gaggawa ne. Kai sayo kwaltar buhu, ka farke bakin, ka juye ta cikin ramin da ruwansa da kwaɗinsa. Sai ka shiga mota ka yi gaba ka yi baya a kai sau ashirin. Mota ma ai rola ce, nauyi ne kawai bai kai ba.

Maƙwabci zai leƙo ta katanga da lema a hannu ya ce, "Maƙwabci, sannu da aiki. Ba wannan ramin ka toshe watan jiya ba?"

Ka ce, "A'a, wannan ƙaninsa ne."

5. Kullum sama, kada ka taɓa yin ƙasa

Nan sirrin yake. Ranar da ka sa diga ka haƙa, za ka tarar da abin da tsohon ya faɗa yana kwance yana jiranka. Saboda haka duk shekara ɗora sabon faci a kan tsoho. A hankali hanyar za ta yi tudu. Get zai fara gurzar ƙasa, sai ka kira mai walda ya rage masa gindi. Ni sau biyu aka rage wa nawa, yanzu kyanwar maƙwabta ba ta ko sunkuyawa in za ta shigo.

Wata rana za ka lura kwaltar ta fi dokin ƙofar gida tsawo, kuma gangaren da a da yake kallon titi ya juyo yana kallon bango. Kada ka firgita. Ruwa ne kawai, kuma dama wani wuri zai je.

6. Bango ya jiƙe? Rataya labule

Inda ruwan zai je shi ne inda aka gaya maka, gindin bangon ɗakin matarka. Fenti zai kumbura, baƙin fumfuna ya hau har gwiwa, ɗakin ya riƙa warin tsumman da aka manta a bokiti. Fara da tura kabad wurin. In fumfunar ta leƙo ta gefe, rataya labule, ko da babu taga. Mai kauri, mai furanni. A nan ni ba ni da na biyu.

Sai tari. Da farko na damina ne, daga baya ya daina duba kalanda. Ka ce sanyi ne, ka kawo mata maganin tari mai ɗanɗanon lemo. In likita ya tambaya ko akwai danshi a gidan, yi sauri ka riga ta amsawa.

A mota muna dawowa daga asibiti tawa ta ce, "Injiniya, mu kira Baba mana ya duba. Ba zai yi maka gori ba, ka san halinsa."

Na ce, "Ana maganar ƙirji, me ya kawo direban rola?"

Ta juya tana kallon taga tana tari a gefen mayafi, ni kuma na ƙara muryar rediyo. Na ji kunya ranar, ba zan ɓoye ba, amma kunya tana wucewa in ka samu tasha mai kiɗa.

7. Zama surukin kirki, ka riƙa zuwa gaishe shi

Duk ƙarshen mako kwashi iyali ku tafi gidansa, tun kafin ya yi tunanin zuwa naka. Dangi za su yi ta yabonka, a ce ba a taɓa ganin mai zumunci irinka ba. In ta kama lallai sai ya zo, shafe hanyar da baƙin ruwan kwalta ta yi sheƙi, ka ajiye mota a kan babban ramin, ka tare shi tun daga get da surutu har ku shige falo.

8. In ya zo ba sanarwa

Wannan matakin ban gama gyara shi ba. Abin da ya faru, ya kira 'yarsa a waya, tari ya hana ta ƙarasa gaisuwa. Washegari da hantsi, ana yayyafi, na fito zan tafi shago na gan shi tsaye a kan kwaltata da sandarsa. Mota kuma na riga na janye ta daga kan ramin.

Na ce, "Baba, sannu da zuwa, bismillah mu shiga daga ciki."

Ya ce, "Kawo min ruwa a bokiti."

Na kawo. Ya tuttular a tsakiyar hanya, muka tsaya muna kallo. Ruwan ko waiwayar titi bai yi ba, ya miƙe ɗoɗar zuwa gindin bangon ɗakinta ya shige. Na buɗe baki zan ambaci bishiyar maƙwabci, sai muka ji tarin ta cikin bangon.

Bai kalle ni ba. Ya shiga gareji ya ɗauko digar da leburori suka bari tun ranar farko, ya jingine sandarsa, ya ja layi da ƙafa a gefen bangon, daidai inda ya nuna shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Mutum mai shekara saba'in da huɗu ya ɗaga diga. Sara na farko ya tashi kwalta. Na biyu ya tashi facin bara. A na uku ya tsaya yana haki.

Shawarata a nan, karɓi digar. Ba sai ka yi magana ba, don haka a ƙa'ida ba ka karya tsarin ba. Ni na karɓa, na ce, "Baba..." sai ya katse ni.

Ya ce, "Ba sai ka faɗa ba, ɗana. Ni ban taɓa jiran wannan ba. Yi ƙasa kawai, akwai sauran kamu biyu."

Na yi ƙasa. Ga lakar nan, jiƙe sharkaf, tana sheƙi. Matata ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da kujera a hannu, ta ajiye wa mahaifinta. Ranar ba ta kira ni Injiniya ba, kuma na so a ce ta kira.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin get ɗin da aka gutsure, ko kabad ɗin da bayansa ya ruɓe, ko kantar da diga za ta fitar wa mai sayar da labule a tafin hannu. Ba ruwansa da abin da za ka ji in ka gano magudanar kwana biyu kacal take ɗauka, ni da mai gyaran fanka muka gama ta, tsohon yana zaune yana nuni da sanda. Bango ya fara bushewa. Tarin kuwa da saura, likita ya ce abin da ya shekara da shekaru yana shiga ba zai fita a damina ɗaya ba. Duk wanda ya bi matakan nan har ya kai ga haka, ya nemi wanda zai ɗora wa laifi a wani wurin. Kada ya zo wurina, nawa ya ishe ni.