Kamalu da Manhajarsa Mai Gaisuwa

"Ni Kamalu Gaji, idan na rubuta manhaja, ita kanta kwamfutar sai ta miƙe ta sara mini!"

Haka ya faɗa a gaban 'yan ajinmu kaf, yana bugun ƙirji. Aboki, ka san irin mutanen nan da ke rataya jakar kwamfuta ko da shagon mai shayi za su? To, Kamalu ne sarkinsu. Injiniya Ba-Gyara muke ce masa, don bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. Idan aikinsa ya ƙi, laifin kwamfutar ne.

A shekararmu ta ƙarshe a jami'a, wani kamfanin kayan noma ya kawo wa sashenmu aiki. Manhajar waya suke so, wadda manomi zai yi wa magana da baki, ya faɗi abin da ke damun gonarsa, ta ba shi shawara da Hausa. Suka ba mu wayoyi, suka kuma ce wanda ya fi nuna ƙwazo za su ɗauke shi aiki da zarar ya gama karatu. Kujera ɗaya tak. Mu uku aka haɗa: ni Mudassir, da Khairiyya 'yar Toranke, da uban 'yan cika baki. Tun a ranar Kamalu ya fara tambayar ko ofishin nasa a sama yake ko a ƙasa.

Khairiyya ta ce mu shiga ƙauyuka mu ji yadda manoma suke magana kafin mu fara.

"Ni za a koya wa manomi?" in ji Kamalu. "Mahaifina ɗan Kademi ne! Noma a jinina yake."

Ƙila a jinin nasa yake, amma bai taɓa fitowa ba. Rabonsa da Kademi shekara tara, kuma har gobe ba ya bambance gero da dawa sai an dama.

Khairiyya ta tafi ita kaɗai. Da ta dawo ta ce mana manomi ba ya faɗin damuwarsa sai an gaisa, don haka ta sa wa manhajar gaisuwa biyu, daga nan ta tambayi abin da ke tafe da mutum.

"Biyu?" Kamalu ya dafe kai. "Gaisuwa biyu kamar ta 'yan tasha? Matsa nan ki ga aikin manya."

Sati uku ya yi yana ɗura gaisuwa. Duk wadda ya taɓa ji a duniya sai da ya zuba, har ɗari huɗu da 'yan kai. Ya kafa mata doka: muddin mutum ya amsa, ta ƙaro wata, kada ta kuskura ta riga babba yin shiru. Bai tsaya nan ba, ya cire maɓallin rufewa, wai rashin tarbiyya ne a katse mutum ana cikin gaisawa.

"To idan shi ma manomin bai yi shiru ba fa?" Khairiyya ta tambaya.

"Haba Khairiyya! Wa ke iya jure gaisuwa fiye da biyar?"

Da kansa ya auna jama'a, ka ji inda aka samu matsala.

Ranar gwaji muka sauka Kademi da hantsi, tare da wakiliyar kamfanin, Hajiya Bara'atu, mace marar yawan magana mai yawan rubutu. Manoma sun cika gindin darbejiya. A tsakiya ga Malam Inuwa, yayan mahaifin Kamalu, riƙe da karan masarar da tsutsa ta yi wa kaca-kaca. Ni da Khairiyya muka durƙusa muka gaishe shi. Injiniya kuwa ya fito daga mota da baƙin tabarau, ya ɗaga wa taron yatsu biyu, ya wuce yana neman inda zai kafa allo. Tsohon ya bi shi da ido.

Kamalu ya yi jawabin minti ashirin, ya ce "ni" ya fi sau hamsin. Sannan ya miƙa wa Malam Inuwa wayar.

"Baffa, yi magana kawai. Fasaha ce."

"Salamu alaikum," in ji Malam Inuwa.

"Wa alaikumus salam. Barka da hantsi. An tashi lafiya?" in ji wayar.

Tsohon ya gyara zama, fuskarsa ta washe. "Lafiya lau. Ya gida?"

"Lafiya ƙalau. Ya iyali?"

"Alhamdu lillahi. Ya naki iyalin?"

"Suna lafiya. Ya gajiya?"

Abin da Kamalu bai sani ba, duk Kademi babu mai gaisuwar Malam Inuwa. Mutum ne da idan ka gamu da shi a hanyar kasuwa, sai dai ka ci kasuwar mako mai zuwa. Yau Allah ya haɗa shi da daidai shi. Aka yi ya ruwa, ya damina, ya sauro, ya awaki. Minti goma sha biyar suka wuce, karan masara na nan a cinya, ko kallonsa ba a yi ba. Hajiya Bara'atu ta duba agogo, ta yi rubutu.

"Baffa, faɗi matsalarka mana!" Kamalu ya ce, gumi na tsiyaya ta ƙarƙashin tabarau.

"Kai, rufe mini baki. Baiwar Allah tana tambayar jikokina, sai in katse ta?"

Gaisuwar yau da kullum ta ƙare, manhaja ta shiga sauran kayan da aka ɗura mata.

"Ya mai jego?"

Malam Inuwa ya waiwaya. "Wace ce ta haihu ba a faɗa mini ba?" Amma ladabi ya hana shi yin shiru, ya ce, "Da sauƙi."

"Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan rai."

Wuri ya ɗauki salati. "Wa ya rasu?" Wani ya ce ai dama tsohuwar nan Hansai ta kwana biyu ba lafiya, mutum uku suka zabura suka nufi gidanta. Can sai ga Hansai da kanta ta biyo su da muciya a hannu, tana tambayar wane ɗan banza ne ya kashe ta tana tsakar tuƙa tuwo.

"Ƙaramin abu ne!" Kamalu ya ɗaga murya. "Bari in nuna yadda ake yi."

Ya zaro tasa wayar ya buɗe manhajar. Kafin ya ce uffan, wayar hannun tsohon ta ce, "Barka da zuwa." Tasa ta amsa, "Yauwa, barka kadai. Ya hanya?" Shi ke nan, aboki, suka samu juna. Wannan ta tambayi iyali, waccan ta tambayi gajiya, da sun kai ƙarshe su dawo farko. Ya daddanna, babu maɓalli, shi ya cire da hannunsa. Ya karɓe ta hannun tsohon, ya cusa su duka biyu a aljihun wando, sai ga wandon Injiniya yana yi wa kansa ta'aziyya. Ni dai na kwanta a ƙasa don dariya, kuma ban ji kunya ba.

Khairiyya ta matso a hankali da tata wayar, wadda ke ɗauke da tsohon aikinta mai gaisuwa biyu. Malam Inuwa ya gaisa, ya faɗi zancen tsutsa, cikin minti biyu ya samu amsa. Hajiya Bara'atu ta rufe littafinta.

"Khairiyya, idan kin gama jarrabawa ki same ni a ofis."

Kamalu ya cire tabarau. Ya juya wajen tsohon, ko zai samu mai cetonsa.

"Baffa, don Allah faɗa mata gaskiya. Ai manhajata tana da ladabi, ko?"

"Ƙwarai kuwa," in ji Malam Inuwa. "Hajiya, wannan waya 'yar mutunci ce. Yau ta gaishe ni ya fi sau ɗari. Wanda ya ƙera ta, ɗan ƙanina, shekara tara ban gan shi ba, ya zo ya ɗaga mini yatsu biyu." Ya nuna tabarma. "Zauna nan, Kamalu. Ka saurari wandonka da kyau, ko Allah zai sa ka koyi wani abu."

Daga cikin aljihu aka ce, "Madalla. Ya gajiya?"