Inci Ukun Alhaji Dogara

Duk wanda bai san Alhaji Dogara ba, to bai san Ƙofar Kuyambana ba, ko da a nan aka yanke masa cibiya. Shi ne shugaban Ƙungiyar Masu Hangen Nesa. Shi ya kafa ta, shi ya zaɓi kansa, kuma har yau bai taɓa samun abokin hamayya ba, tunda sauran membobin biyu mazan ƙannensa ne. Sana'arsa sayar da bokitan roba, amma ya fi son a ce masa Injiniya, don ya taɓa gyara wata fanka har ta yi kwana biyu tana juyawa. Mu kuwa 'yan unguwa Na-Sama muke ce masa, domin tun da ya dawo daga Makka ba wanda ya ƙara ganin idonsa, sai dai ƙasan haɓarsa.

Bana Allah ya hore masa mota fara fat mai buɗaɗɗen baya, da jerin fitilu a kan rufinta. Jahilai na ce mata a-kori-kura, shi kuwa motar manya yake kiranta. Makwancinta tsohon zauren gidansu ne. Zauren nan mahaifinsa, marigayi Malam Mamman magini, ya gina shi da hannunsa, ya jera azara a saman ƙofar, ya yi mata zane a goshi wanda damina arba'in ba ta goge ba. Da Alhaji ya zo faɗaɗa ƙofar saboda mota, mahaifiyarsa Inna Delu ta yi kwana uku ba ta ce masa ƙala ba, sannan ta yarda da sharaɗi ɗaya: a ci gefe da gefe, amma kada a taɓa sama. Wannan azara da zanen su ne abin da ya rage mata na mijinta da take gani kullum. Haka motar take shiga da fita, tsakanin fitilunta da azara yatsu biyu.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji ya tsaya nesa yana sha'awar motarsa, sai ya hango abin da ya tsinka masa zuciya. Bayanta ya ɗara gabanta tsawo. Hancinta na kallon ƙasa, kuma daidai gaban baron Bahago mai rake.

"Mota irin tawa ta riƙa rusuna wa mai rake?" in ji shi. "Waɗanda suka ƙera ta ba su san wanda zai hau ba."

Mako guda ya yi yana zurfafa bincike a bidiyon waya, har ya gano maganin abin. Wasu zobba ne na ƙarfe masu kauri da ake ɗorawa a kan shokozoban gaba, sai gaban ya tashi ya yi daidai da baya. Shi dai lebulin kit yake ce musu, yana kumbura baki. Akwai na inci ɗaya da rabi, akwai na biyu, akwai na uku. Mutum kamar Na-Sama ba a tambayarsa wanne ya zaɓa.

Ya kira Jalo bakanike, dattijon da ya shekara talatin a ƙarƙashin motoci. Jalo ya juya zobban a hannu, ya dubi motar.

"Alhaji, bayan nan da ka ga ya fi gaba, don kaya aka yi shi. Ka loda bokitanka, da kanta za ta daidaita."

"Malam Jalo, kai sifana ka sani, ni ilimin nake da shi."

"To, mu fito da ita fili in ɗaura."

Nan ne Injiniya ya nuna hangen nesansa. A cikin zaure za a yi aikin, ƙofa a rufe, don ya gayyaci jama'a ranar Asabar da hantsi su shaida fitowarta, kuma ba ya son wani ido ya riga taron gani. Jalo ya ciro tef zai auna ƙofar, Alhaji ya riƙe masa hannu. Ya ce ya riga ya auna da ido, kuma idonsa bai taɓa kuskure ba. Jalo ya mai da tef aljihu, ya kafa jak, ya yi aikinsa tsaf kamar yadda aka ce.

Ranar Asabar aka jera kujeru har suka toshe lungu, aka raba zoɓo. Bahago ma ya turo baronsa, don inda taro yake nan ciniki yake. Alhaji ya sha babbar riga, ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda al'umma ba ta ci gaba sai ta ɗaga kanta, ya ce daga yau unguwar nan ta daina kallon ƙasa. Membobin ƙungiya su biyu suka tafa. Aka wangale ƙofa, ya shiga, ya tayar, ya taka a hankali.

Sai muka ji ƙwas. Fitilun sama sun daki azara, ɓarɓashin ƙasa ya zubo a kan gilashi.

Da wani ne, da kunya ta kama shi. Alhaji kuwa ya ɗan ja motar baya, ya fito yana kakkaɓe riga.

"Ba motar ce ta yi tsawo ba, ƙofar ce ta gaza. Ginin mutanen da bai san zamani ba. A kawo diga."

An tafi neman diga ke nan sai ga Inna Delu ta raɓo ta gefen motar, da kujerarta 'yar tsugunno a hannu. Ta ajiye ta daidai ƙarƙashin azarar, ta zauna, ta gyara mayafi. Ba ta ambatar sunan Alhaji, don ɗanta ne na fari, saboda haka Jalo ta kalla.

"A gaya wa mai motar nan, wanda zai sari azarar nan da ni zai fara."

 Gaskiya ba wanda ya ga laifinta, don yawancinmu a ɗakunan da Malam Mamman ya gina aka haife mu. Alhaji ya ce "Inna," ya sake cewa "Inna," ilimin ya ƙare a nan. Mai diga ya iso, ya ga wadda ke zaune, ya ɓoye digar a bayansa.

Jalo ya ce a cire zobban, aikin rabin yini ne. Alhaji ya rantse ba za a cire ko inci ɗaya ba a gaban baƙinsa.

"To sai mu sace iskar tayoyin," in ji Jalo.

Haka aka yi. Taya huɗu suka yi ta huci har suka kwanta. Da abin bai isa ba, aka ɗora membobin Ƙungiyar Masu Hangen Nesa a kan bonet don su danne gaban, da manyan rigunansu. Sai da Jalo ya auna, da tef wannan karon, ya nuna wa Inna, sannan ta janye kujerarta. Motar manya ta rarrafo waje tana jan ciki, tayoyi na faf-faf, hancinta na neman taɓa ƙasa. Lungun ya cika da kujeru, ba inda za ta, dole ta tsaya, kuma daidai gaban baron Bahago. Bawan Allah ya rasa yadda zai yi, sai ya cire hula ya amsa gaisuwa.

Inna Delu ta ɗaga kai ta duba azarar, ta ga ɗan ƙwarzane ne kawai. Ta ɗauki kujerarta.

"Wanda ya gina ƙofar nan dogo ne, ga rawani," ta ce wa Jalo. "Shekara talatin yana sunkuyawa ya fita, ban taɓa jin ya ce ta gaza ba."

Ta shige gida. Alhaji ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya duƙa wai yana duba tayoyi. Ranar muka fara ganin tsakiyar hular Na-Sama.