Inshorar da Na Zaɓa da Kaina

Shekarar da shinkafa ta yi mini kyau, na ce ni ma sai na je Masar na huta. Ejan ɗin da ya yankar mini tikiti ya ce, "Alhaji, bari in zaɓa maka inshorar tafiya." Na yi murmushin manya. Ni da ke loda tirela daga Kura zuwa Legas, wa zai koya mini inshora?

Na zauna da wayata a injin casa, na samo mai araha. Turancin bai wahalar da ni ba, don ban karanta ba. Da suka tambayi nauyi, na hau sikelin shinkafa, har ina yaba musu ƙwarewa.

A Masar raƙumin da na hau ya miƙe ban shirya ba, na sauko ta wuyansa, kafaɗata ta goce. Daga asibiti na kira kamfanin, abokin tafiyata Malam Sabo yana tafinta.

Sabo ya juyo ya ce, "Wai kayan jiƙewa suka yi ko fashewa?"

"Wane kaya? Ni ne na faɗo!"

Ya ƙara saurara, sai ya dafa bango. "Alhaji, inshorar kaya ka saya. A wurinsu kai buhu ne."

Da aljihuna na biya likita. Sabo ya rantse zai rufa mini asiri, kuma iyakar Kura da Bunkure ya gaya wa. Har yau in na tsayar da a-daidaita-sahu, sai direban ya leƙo: "Alhaji, ciki za ka shiga, ko a ɗaure ka a sama?"