Ƙwayar da Ba Ta da Katanga

"Lafiya lau, Kaka, sai gajiya. Ya tarin?"

"Wane tari? Gyaran murya na yi, amaryata ta shigo."

Tsohon magini ne, yana zaune a bakin gado, hannu dafe da ƙirji. Jikar tasa kuwa tun safe take tsaye a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, ƙafafunta sun kumbura suntum, ko takalmi ba ta cire ba ta zube a kujera. Mako uku ke nan tarin nan yana cin tsohon, likita kuma ya gama magana: ko ya sauya magani, ko a ba shi gado. Shi kuwa tun da aka kwantar da matarsa ba ta dawo ba, ko ƙofar asibiti ba ya ƙaunar gani.

"Ina aikena? Kafso na ce, mai ja da baƙi."

Ta miƙa masa wani kwali dabam. "Wannan likita ya rubuta."

"Ke da likitan ku sha. Da kafson nan na reni ubanki."

"Shi ya sa ya fito da taurin kai irin naka. Kwali nawa ka shanye? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Kai da kake neman tabarau yana kan hancinka? Abin da ke ƙirjinka, madubin duba ƙwayoyin cuta na ɗakinmu ma da ƙyar yake nuna shi. Maikofilasma sunanta."

"Mai me? 'Yar gidan wa ce?"

"Ƙwayar cuta ce, tsoho. In muka shuka ta a faranti sai ta yi makonni kafin ta fito, ɗigo-ɗigo kamar soyayyen ƙwai."

"Makonni a suyar ƙwai! Wallahi na sake ki. Dama yunwa za ki kashe ni da ita."

"Wa zai kwashe ka? Haƙori uku, biyu suna rawa."

Dariya ta zo masa, tari ya riga ta. Ya yi ta yi har idonsa ya kawo ruwa. Ita dai ta gaji, tsoro kuma ya kama ta sosai.

"Saurara, magini. Yawancin ƙwayoyin cuta suna da katanga. Kafsonka aikinsa ɗaya: ya hana su ginin, su fashe. Wannan ko bulo ɗaya ba ta da shi. Fata ce kawai, yau ta miƙe, gobe ta dunƙule."

"Ba katanga, ba siffa? Ashe dangin saurayinki ce."

"Ka taɓa ɗaukar guduma ka je rushe fili?"

Tsohon ya dubi kwalayen da ya tara a taga.

"Mako uku ina dukan iska ke nan?"

"Kaka, na gaji. Kullum ta gaban ɗakin da aka kwantar da matarka nake wucewa. Ba zan iya leƙawa in gan ka a ciki ba."

"Miƙo ruwa, sakakkiya."

Ya haɗiye sabon maganin yana yamutsa fuska. Sannan ya jawo matashinsa, wanda ba ya bari kowa ya taɓa, ya tura mata ƙarƙashin ƙafafu.

"Na mayar da ke," ya ce, yana 'yar dariya a hankali don kada tarin ya ji. "Shekara arba'in ina gina katanga, ƙarshe marar katanga ce ta kayar da ni."