Kabewar Firiza

Ba zan taɓa mantawa da sunan da aka yi a Handsworth ba, ko da kuwa na so, don surukata Hajiya Ladi ba za ta bari ba.

Na zo Manchester ne daga Kano don in ga jikana Ammar, ɗan babban ɗana, wanda nake kira maigidana. A Gorton suke zaune, cikin gidajen nan da aka manna su da juna har kana jin tarin maƙwabci. Ni dai ban taɓa shiga aji ba, amma 'ya'ya bakwai na raina, kuma idona ba ya barin komai ya wuce. Tun ranar da na sauka na sa wa Nusaiba, matar ɗan nawa, ido. Likita ce, amma likitanci daban, reno daban (haka nake faɗa a lokacin, da ƙarfi kuwa).

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne abincin yaron. Ranar hutunta za ta zauna da mangwaro da ayaba da tuffa, ta wanke su kamar za a yi musu salla, ta fere, ta turara tuffar, ta markaɗe, ta zuba a 'yan ramukan roba na ƙanƙara ta sa a firiza. Idan sun daskare ta juye a leda. Kullum sai ta ciro biyu ko uku ta narkar masa. Inabi kuwa sai ta tsaga shi a tsaye gida huɗu, wai kada ya shaƙe shi.

Na ce, "Nusaiba, rabon gado kike yi da inabi?"

Ta ce, "Mama, daidai maƙogwaronsa yake, shi ya sa."

Na ce, "Uban yaron nan da kunu da tuwo ya girma, ga shi nan ƙofa da ƙyar take ɗaukarsa. Ke kin mayar mini da miji biri, daga ayaba sai mangwaro."

Ta yi dariya ta sunkuyar da kai. Ba ta taɓa mayar mini da magana ba, kuma ba ta taɓa fasa abin da take yi ba.

Ana nan sai yayarta ta haihu a unguwar Handsworth da ke Birmingham. Mahaifiyarsu Hajiya Ladi ta zo wankan jego, kuma ni da ita mun daɗe muna auna juna cikin murmushi. Ta bugo waya ta ce ita za ta soya masar suna. Na ce to ni kuma miyar taushe a wuyana take. A raina na ce ranar ce zan nuna wa matan nan abin da ake kira abinci, in kuma ja maganar tuwon maigidana a gaban uwarta, ta rasa bakin musu.

Ana gobe suna Nusaiba tana shirin fita aikin kwana ta ce, "Mama, kabewar tana firiza, amma bari in nuna miki, don akwai wata leda da..."

Na katse ta. "Ni za ki nuna wa kabewa? Tun uwarki tana tallan gyaɗa nake dafa taushe. Je ki aikinki."

(Hajiya Ladi ba ta taɓa tallan gyaɗa ba, 'yar alƙali ce. Amma maganar ta yi mini daɗi a baki.)

Da na idar da asuba na shiga kicin. Na ja aljihun firiza na sama, sai ga ledoji cike da dunƙule-dunƙule masu launin kabewa sak. Har na yaba mata a zuci, na ce ashe yarinyar nan tana da hankali, ta markaɗe mini ta hutar da ni. Na tafasa naman rago, na zuba kayan miya da gyaɗa, da daddawa da busasshiyar yakuwar da na taho da su, na juye ledojin kaf a tukunya. Ruwan saman garin nan ya riga ya sa mini mura, hancina a toshe kamar an liƙe da ƙaro. Ga shi kuma ni ba na ɗanɗana miya. Shekara da shekaru ina gaya wa 'ya'yana mata cewa mai ɗanɗana miya ba ta yarda da hannunta ba ne.

Nusaiba ta dawo a gajiye, ta yi wanka ta ɗauki yaro da ayaba ɗaya a jaka, muka shiga mota. Har Birmingham ina rungume da kular miya a cinya kamar jaririyar da za a raɗa wa suna.

Gidan cike da mata, likitoci da masu karatun digiri, ana magana rabi Hausa rabi Turanci, yara na tsalle a bene suna wani yare ta hanci. Aka ba ni kujera kusa da Hajiya Ladi. Da na ga Nusaiba tana murje wa yaro ayaba da cokali, na gyara zama na buɗe wa'azi. Na ce yaran yanzu ƙanƙara ake ba su, abin da ko akuya ba za ta kalla ba. Na ce ni ko da ido a rufe aka ajiye mini kayan marmarin firizar nan zan gane su, don ba abinci ba ne. Mata suka yi ta cewa, "Gaskiya ne, Hajiya."

Sai aka kawo masa, aka zuba miyata.

Falon ya yi tsit. Na ɗauka santi ne. Wata mai gilashi ta tauna, ta haɗiye, ta nemi ruwa, ta ce, "Masha Allah, Hajiya, it's very... daban take." Wata 'yar yarinya ta lashe yatsa ta yi ihu da Turanci, uwarta ta toshe mata baki (daga baya aka fassara mini, wai cewa ta yi a ƙara mata alewar nan mai nama).

Hajiya Ladi ta ajiye masarta a hankali ta ce, "Hajiya, wannan taushen na wace unguwa ne a Kano? Ko sabon yayi ne bai iso mu ba?"

Nusaiba ta ɗanɗana. Na ga idonta ya fito. Ta rarrafo kusa da ni ta yi ƙasa da murya, amma kunnen uwarta kamar na zomo. "Mama, a wane aljihu kika ɗauka?"

"Na sama."

"Mama, kabewar tana ƙasa, a yayyanke. Na saman mangwaro da ayaba ne. Na Ammar."

Na kai cokali baki, karo na farko a tarihin girkina. Jama'a, daddawa da mangwaro ba su taɓa zama gida ɗaya ba, kuma ranar na gane dalili. Hajiya Ladi ta dafa kafaɗata tana share hawayen dariya da bakin mayafi ta ce, "Ai kin faɗa, da ido a rufe kike gane su. Kuskuren da kika yi, buɗe idon."

Da miyar tumatir aka ƙarasa cin masar nan. Ni kuwa na ce zan yi nafila, na shige ɗakin mai jego, na yi ta sallar da ban san adadinta ba.

Washegari a Gorton aljihun firiza na sama wayam, Nusaiba na asibiti, maigidana na tsala kuka. Na ce yau ga ranar tuwo. Na tuƙa mai laushi na kai masa baki, ya datse leɓe ya kau da kai, ya bi ni da kallon da ubansa bai taɓa yi mini ba. Haka na ɗauko ayaba na murje da cokali, ya buɗe baki har da tafi. Da uwarsa ta dawo da ledar mangwaro, ni na ce mata, "Zo ki nuna mini yadda ake zuba abin nan a ramuka." Ta nuna mini, ba ta ko yi murmushi ba, Allah ya yi mata albarka.

Hajiya Ladi kuwa har yau idan ta bugo waya, kafin ta tambayi jika sai ta ce, "Hajiya, mangwaro ya fara nuna, yaushe za a ɗora taushe?"

Kama da wane ba ta wane, na ji wannan tun ina yarinya, sai da na tsufa na ci shi da masa. Yanzu idan yarinya ta ce bari ta nuna mini abu, nakan bari ta kai ƙarshen maganarta. Miya kuma sau biyu nake ɗanɗanawa, amma sai na leƙa na ga babu kowa a kicin.