Mantau da Zaƙamin Yayansa

A Unguwar Tsamiya akwai Gwaggo Tasalla da 'ya'yanta biyu: Sallau mai haƙar rijiya, wanda ke ciyar da gidan, da Mantau, wanda in ka gaya masa magana sai ya ɗauke ta yadda ta fito daga bakinka, ba ragi ba ƙari.

Wata rana abokai suka zuba wa Sallau zaƙami a fura wajen biki, aka kawo shi gida yana hira da bango. Hankalin Gwaggo ya tashi, ta aiki Mantau ya tambayo malamin asibiti yaushe abin zai sake shi. Malamin ya ce ba shi da rana, wani kwana ɗaya, wani har uku, kuma yakan lafa ya dawo. A ba shi ruwa da yawa, kada ya fita sai ya gane kowa. Mantau ya bi maƙwabta ya kwaso tulunansu kaf ya jera a ɗakin, har Gwaggo ta rasa inda za ta sa ƙafa.

Wata rana kuma, washegari ke nan, Gwaggo ta ce wa Mantau kada ya ɗauke ido daga kan yayansa. Akuya ta shigo ta cinye dawar da aka shanya a gabansa, ko kallonta bai yi ba. Gwaggo ba ta ko yi masa faɗa ba, don hankalinta na kan Sallau.

Rana ta uku Sallau ya tashi garau, ya gaida uwarsa, ya ɗauki igiya zai koma rijiyar da ya bari. Gwaggo ta yi hamdala, don hatsi ya kusa ƙarewa. Sai Mantau ya rungume ƙafarsa.

"Yaya, kowa aka ce. Gwaggo kaɗai ka gane."

Lallashi ya ƙi ci, dole aka kira mutanen unguwa. Sallau na dariya yana faɗin sunayensu, liman, mai shayi, har jariri, Gwaggo kuwa kunya kamar ta nutse. Da ya gama sai ya dubi bakin zaure, inda babu kowa, ya durƙusa.

"Baba, kai ma ka zo?"

Mahaifinsu ya daɗe a kabari. Gwaggo ta zare igiyar daga hannunsa, ta zauna a kanta.