Kwalbar Feshin Mai

Ɗan Azumi bai taɓa ɓoye son mai ba. Ko a gidan biki sai ya karkata kwano ya shanye wanda ya taru a gefe. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka bawana ne tun muna yara. Da likita a Tanut ya ce jininsa ya hau, dole ya rage maiƙo, matarsa A'isha ta aiko mini, don ni kaɗai ke iya gaya masa magana. Na sa aka sayo kwalbar feshin mai a Damagaram, na kai masa Belbeji da kaina.

"Lafiya lau, uwargijiyata. Me ke cikin leda? Likkafanina?"

"Wa zai ɓata yadi a kanka? Man gyaɗa ne. A fesa sau biyu a abinci, shi ke nan."

Ya jujjuya kwalbar. "Feshi? Ni fara ce da ta sauka a gonar gero?"

"Fara ta fi ka, ita tana tashi. Kai sai an kama ka kake barin tabarma."

"Shekara saba'in ina cin dambu yana naso a yatsuna. Yanzu shi da mai su gaisa daga nesa kamar surukai?"

"Wannan tumbin naka in aka matse, sai a soya wa garin Tarka kaf ƙosai."

"Hassada ce, ke da kika bushe kamar kilishi."

"Bawa, umarni nake ba ka."

"To 'yanta ni, in mutu leɓena na sheƙi."

A'isha ta kawo dambu, ta fesa sau biyu. Ya ɗanɗana, ya dube ni, ya kwance murfin kwalbar a hankali, ya tuttule rabinta a kwano.

Na yi dariya. Nan na yi kuskure. A wasanmu wanda ya fara dariya ya faɗi, ba ya sake tayar da zancen. A'isha ta kalle ni, ta shige ɗaki. Ban sake tayarwa ba.

Bai kai girbi ba ya rasu.

Ran nan da ya rako ni bakin ƙofa yana lasar yatsa, cewa ya yi, "In na riga ki, ki tsaya a kan wainar sadakata. A zuba mai da ludayi. Kada a fesa wa baƙina."